Waƙar Haƙuri da Takalman Malam Mahbub

Agege, Legas
16 ga Janairu, 2000

Zuwa ga Yayata, Malama Halima Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da fatan an yi Salla lafiya. Matata Kalsum tana gaishe ki. Umaima ta ce a gaya wa Gwaggo haƙorinta na gaba ya fita.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Iliminki nake nema, kuma da gaggawa.

Kin ji labarin rikicin Ketu na watan Nuwamba tsakanin Yarabawa da Hausawa. 'Yan dakonmu na kasuwar Mile 12 da yawa sun gudo nan Agege, ko tabarma babu. Jama'a suka tara musu abinci, shinkafa da gero da masara, aka zuba a ɗakin ajiyar masallacin layinmu, makulli a hannun Malam Mahbub. Shi ne mai tafsirinmu, shi ne shugaban kwamitin masallaci, kuma kin san a rumbun goronsa nake aiki. Ni ne magatakardan kwamitin. An raba abincin sau biyu, sai aka ce ya ƙare. Ban ga komai ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar rufe tafsiri muka fito, kowa ya zura ƙafa a takalminsa sai ya ji takarda a naɗe. Waƙa ce, bugun tafireta, babu suna. Na sa miki cikakkiyarta a ambulan, amma ga baitocin da suka ta da ƙura:

Ya ce mu yi haƙuri, muka zuba shi a tukunya,
Ya tafasa, ya ƙone, babu ko gishiri.

Buhu ya shigo da rana, muka yi masa kabbara,
Ya fita ba sallama, aka ce da mu mu bari.

Murya ta ce duniya ba wurin zama ba ce,
Mun ji, mai murya, kai ko kana ta ƙari.

Takalminsa ya wuce, ƙwas-ƙwas, bai tsaya ba,
Jiya baƙi, shekaranjiya ja, na yau fari.

Haƙuri dai, haƙuri dai, haƙuri.

Ba a ambaci sunan kowa ba, amma har kaji sun san da wa ake. Malam ya ce duk wanda ya yi ta munafuki ne, yana raba kanmu a lokacin da waje ba zaman lafiya. Kwamiti ya yanke za a kori mai ita daga unguwa, a kuma aika wa manyan Hausawa na Sabo Yaba da Isolo da Ketu kada wanda ya ba shi masauki. Kin san abin da wannan ke nufi ga Bahaushe a Legas ta yau.

An ɗora wa Khamisu. Ɗan dako ne daga cikin waɗanda suka gudo, mutum mai barkwanci, ya saba ƙaga waƙa in ya ɗauki kaya. An ji shi yana rera wannan a bakin titi. Ya rantse karanta masa aka yi ya haddace, shi ko baƙin boko bai sani ba. Suka ce ai yana iya tsarawa wani ya buga masa. Matarsa Mariamu tana da goyo, a ɗakin aro suke.

Zuciyata ba ta ba ni shi ne ba. Na ce wa kwamiti ina da yaya mai koyar da nazarin waƙa a kwalejin malamai a Zariya, in ta duba za ta gane ko bakin Khamisu ne. Na rubuta miki waƙoƙinsa uku na dako ki gwada. Sun ba ni zuwa Juma'a huɗu ga Fabrairu. Don Allah ki ba Iliyasu direba amsa in zai juyo da tumatir.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Sunusi

*

Zariya
22 ga Janairu, 2000

Ƙanena Sunusi,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarku ta iso, muna lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ka gaishe min da Kalsum, ka ce wa Umaima ta jefa haƙorin a rufin ɗaki.

Oh ni Halima! Shekara nawa ina aiko maka da littafi kana jingine ƙofa da shi, yau ka san ina da amfani. To zauna ka sha karatu.

Na farko, Khamisu bai yi waƙar nan ba. Waƙoƙinsa na dako gajeru ne, numfashi ɗaya ɗango ɗaya, irin na mai kaya a ka. Yana kiran suna kai tsaye, ya yi zagi, ya yi dariya, ya wuce. Mai wannan kuwa ba ya zagi ko kaɗan. Sai ya ɗauki maganar mai wa'azi, ya amsa da “mun ji”, sannan ya ajiye abin da ido ya gani kusa da ita ya yi shiru. Habaici ne mai sanyi, kuma ya fi zagi ciwo. Dubi amsa-amon, wato harafin da kowane baiti ke ƙarewa da shi: gishiri, bari, ƙari, fari. Duk suna gangarowa ne su faɗa cikin kalmar haƙuri. An ɗauki kalmar da aka saba toshe wa talaka baki da ita an mai da ita sanda. Wallahi na daɗe ban ga gwaninta irin wannan ba, har na karanta wa maigidana Malam sau biyu.

Na biyu, dubi yadda aka zana talauci. Ba a ce “muna jin yunwa” ba ko sau ɗaya a baiti ashirin da biyu. An zuba haƙuri a tukunya kamar tsaki. An ba buhu ƙafafu, ya shigo kamar baƙo, ya fita ba sallama. Tukunya, gishiri, ƙanzo, rariya, murhu. Ina kasuwa? Ina gammo da kaya? Babu. Mai waƙar nan daga bakin murhu yake kallon duniya.

Na uku, kari, wato ma'aunin da waƙa ke tafiya a kai. Na gwada ta da ma'aunan da muke koyarwa, ta ƙi zama. Ina zaune ina buga yatsa a tebur sai na ji maƙwabtana suna daka, sai ga waƙar ta hau sautin daram. Lugude ne, Sunusi, taɓarya uku a turmi ɗaya. “Haƙuri dai, haƙuri dai, haƙuri.” Ta farko, ta biyu, ta uku ta cilla taɓarya sama ta tafa. Wanda bai yi shekaru yana wannan daka ba ba zai iya ƙaga shi ba.

Na huɗu shi ya fi burge ni. Duk zambon da na sani na malamai, da gemu ake farawa, sai rawani, sai tumbi, sai carbi. A nan babu fuska sam. Murya ce kawai da takalmi. Wa ke sanin mai tafsiri da murya da takalmi kaɗai? Wanda ke zaune bayan shamaki, yana ji ta lasifika, yana ganin ƙafafu ta ƙasan labule. Wa kuma ke fita kafin maza, ya bi ta inda takalmansu suke? Mace ce ta yi waƙar nan. Mace mai karatu, mai lugude kullum, mai zama a sahun gaba na mata.

Abu ɗaya ya rage. Ta buɗe da sunan Allah yadda aka saba, amma ba ta rufe ba. Mawaƙanmu kan ƙare da baitin da suke faɗin sunansu. Wadda ta iya wannan tsari ta san haka sarai, ina jin ta yi baitin ta ajiye.

Na zo nan a rubutu sai na tuna gidanku da furar Kalsum. Iliyasu yana waje yana ta hon, ba halin in sake wata. Don girman Allah ka karanta wannan kai kaɗai. Ka gaya wa kwamiti na farko kawai, ka ƙone sauran.

Allah ya tsare ku. Yayarki mai ƙaunarku, au, yayarka,
Halima Sa'adiya

*

Agege
28 ga Janairu, 2000

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Kin kashe ni, Yaya. Wane irin mutum ne ke sa “kada ka karanta wa kowa” a ƙarshen takarda? Ku malamai sai kun gama na ɗaya da na biyu da na uku kafin ku faɗi abin da ya kawo ku!

Iliyasu ya iso ranar Talata bayan la'asar, ya same mu kwamiti na zaune a harabar masallaci. Ya miƙo min ambulan a gaban kowa ya ce daga Zariya. Kin san ƙa'idarmu, takardar da ta shafi jama'a magatakarda ne ke buɗe ta a gaban jama'a, ya karanta da ƙarfi, don kada a ce an ɓoye wani abu. Shekara shida haka nake yi. Na miƙe ina murna, na fara. Da na karanta na farko har Khamisu ya yi hamdala daga inda yake tsugune. Na biyu, aka yi dariyar buhu mai ƙafafu, Malam bai yi ba. Na wuce na uku, na shiga na huɗu. Na karanta “mace mai karatu, mai lugude kullum”, sannan idona ya sauka ƙasa na ga sauran. Na naɗe takardar na ce nan ta ƙare.

Kowa ya juyo ya dube ni. A duk layinmu kowa inji yake kai niƙa. Gida ɗaya ne ake lugude kullum, gidan da nake haya, inda Kalsum da maƙwabtanmu Hassana da Turai ke dakan furar sayarwa. Hassana da Turai ko sunansu ba sa iya rubutawa.

Alhaji Almu, dattijon kwamiti, ya ce wannan zancen 'yan boko ne, mace ina ta ga wannan kai. Wasu suka bi shi. Malam Mahbub ya ce a tashi.

Washegari ya kira ni cikin rumbu, ya sa aka fita. Ya ɗauki goro ya fasa ya ba ni rabi. Ya ce, “Sunusi, kai ɗana ne. Ban ji komai a takardar nan ba, kai ma ba ka karanta komai ba. Ranar Juma'a za ka tashi ka sanar cewa Malama ta duba ba ta gano komai ba, hukunci yana kan Khamisu. Shi baƙo ne, jiya ya zo. Iyalinka kuwa ba mai taɓa su, aikinka yana nan.” Ina kallon ƙasa yana magana. Takalmin ruwan toka ne, sabo.

Ban tambayi Kalsum ba. Kwana uku ke nan ina shiga ina fita, ta ajiye min abinci, in ce sannu, ta ce yauwa. Ina tsoron in tambaya ta amsa. A Agege aka haife ta, Yaya. Nan kabarin mahaifiyarta Inna Tani yake. Arewa sau biyu ta taɓa zuwa, duka biyun biki. In aka kore mu ina za ta? Ni kuma shekara goma sha huɗu ina shirya goro a ganye, ban iya komai ba bayan shi.

Khamisu kuwa namiji ne, ko'ina ya je zai ɗauki kaya. Haka nake gaya wa kaina. Jiya ya tare ni a hanya ya riƙe hannuna biyu yana godiya, wai na fitar da shi. Na rasa inda zan sa idona.

Na ba wani direban shanu wannan, gobe zai taso. Ki gaya min abin da zan yi, tunda ke kika iya gano komai.

Sunusi

*

Agege
29 ga Janairu, 2000

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya Malam da yarana? Kalsum ce. Baban Umaima bai san na rubuto ba. Na bi direban shanun har gareji na haɗa tawa da tasa.

Na ga takardarki. A aljihun rigarsa na same ta zan yi wanki, bai ƙone ba. Na karanta ta sau uku a tsaye. Yaya, ya kamata in ji haushinki, amma wallahi kuka na yi na daɗi. Tunda nake ba wanda ya taɓa duban abin da na yi ya ce ga dalilin kaza, ga dalilin kaza. Har abin da ban san na yi ba kin gani. Ni ban zauna na ce zan bar fuska ba. Ban san fuskar ba ne! Shekara tara ina zuwa tafsirinsa, in na gamu da shi a motar haya ta danfo ba zan gane shi ba sai na dubi ƙasa.

Eh, ni ce. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Mariamu matar Khamisu a ɗakin Turai aka sauke su. Ran sha biyar ga azumi na leƙa da la'asar na ga ta ɗora tukunya, ruwa ne zalla yana tafasa, don kada maƙwabta su ga ba ta ɗora ba. Nononta ya ƙafe, jaririn yana ta tsotsar iska. A ranar muka je tafsiri aka yi mana awa biyu a kan falalar haƙurin talaka. Ni kuwa da idona na ga ana loda buhuna a amalanke a ƙofar baya ta ɗakin ajiya ana salla, tunda ta nan hanyar mata take. Na gaya wa Baban Umaima, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru, oga ne. Na yi shiru. Sai ga shi in muna daka maganar tana fitowa da kanta a bakin taɓarya.

Unguwar Oshodi na je, wurin wata Bayarabiya mai tafireta da ba ta jin Hausa. Ni na zuba a takalma. Ban yi nadamar baiti ko ɗaya ba. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne za a ɗora wa mijin wadda na yi dominta.

Na san abin da Malam ya ce wa mijina, matar mai gadin rumbu ta gaya wa Hassana. Ƙaninki ba mugu ba ne, Yaya, tsoro ne ya yi masa yawa. In ya tashi ranar Juma'a ya faɗi ƙaryar nan saboda ni, to har mu mutu ba zai iya haɗa ido da ni ba, ni ma haka. Gara a kore mu.

Amma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ban san ko'ina ba sai nan. Yarabancina ya fi na wasu Yarabawan, Hausata kuwa ku kanku dariya kuke yi mata. Turmin da nake daka a ciki na Innata ne, ƙasansa ya nutse a tsakar gidan nan tun kafin a haife ni.

Kin yi gaskiya, akwai baitin rufewa. Yana cikin kwanon da nake ajiye kanwa. Zan ɗan gyara shi.

Abu ɗaya nake tambaya. In abin ya faru, za ki karɓe mu?

Ƙanwarki,
Kalsum

*

Zariya
1 ga Fabrairu, 2000

Sunusi da Kalsum,

Salamu alaikum. Takardunku biyu sun iso tare, shi ya sa nake amsa muku tare. Sunusi, in ba ka san da ta biyun ba, juya ka tambayi matarka.

Laifina ne. Daɗin waƙa ya ɗebe ni na manta akwai mutum a bayanta. Ku yafe min.

Sunusi, ka ce in gaya maka abin da za ka yi. Ba zan gaya maka ba, ka riga ka sani, shi ya sa ka kasa duban Khamisu. Kalsum, tambayarki ta ba ni kunya. Na sa an share ɗakin baya, Malam ya sa an gyara ƙofar. Ban sani ba ko wannan za ta riske ku kafin Juma'a.

Allah ya ba ku ƙarfin zuciya.
Halima Sa'adiya

*

Agege
6 ga Fabrairu, 2000

Yaya,

Salamu alaikum, muna gaisuwa. Takardarki jiya Asabar ta iso, an riga an gama.

Ranar Juma'a da safe Kalsum ta miƙo min hulata. Da aka idar da salla na miƙe, na cire ta in share gumi, sai takarda ta faɗo. Rubutun hannunta ne. Malam yana kallona, Khamisu yana kallona. Ita tana bayan labule, ba na ganinta. Na ce, “Jama'a, takarda ta zo, kuma kun san ƙa'ida.” Wannan karon na karanta a zuci tukuna, har ƙarshe. Sannan na karanta da ƙarfi:

Ni Kalsum 'yar Tani na yi ta, ba Khamisu ba,
Na daka, na tankaɗe, yau na ƙare haƙuri.

An ba mu kwana uku. Ba wanda ya ta da maganar buhuna, sai dai Alhaji Almu ya ce daga yau makullin ɗakin ajiya ya zama biyu.

Gobe za mu taso a motar Iliyasu. Khamisu ya kwashe kayanmu zuwa gareji shi kaɗai, ya hana kowa taɓawa. Turmin ne Kalsum ta ce a bari. Ina rubuta miki wannan Hassana da Turai suna daka a cikinsa, Mariamu ta karɓi taɓarya ta uku. Ba mai rera komai, amma duk layin nan an san abin da turmin ke cewa. Kalsum tana zaune a kan akwati tana saurare, ta ce Mariamu tana saurin sauke taɓarya, amma za ta iya.

Sai mun iso.

Ƙaninki,
Sunusi